Amsoshin Tambayoyinku: Aikin da Kakanninmu Suka Ci Abinci da Shi

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Zariya. Makon jiya mun ce kowa ya rubuto mana abin da ya ji a gidansu game da aikin da kakansa ya yi ya riƙe iyali, da abin da ya shige masa duhu a labarin. To kun rubuto, Allah ya saka da alheri. Wasiƙu da saƙonnin waya sun cika tebur, lokaci kuwa ba ya jiran kowa. Tare da ni akwai malaminmu na tarihi, sai kuma Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda shi ma mahaifinsa a jirgi ya ƙare ƙarfinsa. Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa. Baba, an zo lafiya? Yaya ƙafar?

BABA: Da sauƙi 'yata, alhamdu lillahi. Tsufa ne, ba ya jin magani.

MAI GABATARWA: Allah ya ƙara sauƙi. Ta farko daga wani ɗalibi a Samaru. Ya ce an gaya masa albashin kakansa fam 3 da sule 10 ne a wata, wai nawa ke nan a naira?

MALAM: Sule 20 ke yin fam 1, kwabo 12 ke yin sule 1. Da aka yi canjin kuɗi a watan Janairun 1973, fam 1 ya koma naira 2, sule 1 ya koma kwabo 10. Ke nan naira 7.

MAI GABATARWA: Naira 7, ɗan Samaru. Na san yanzu kana can kana dariya a ɗakin kwanan ɗalibai. Kafin ka gama dariyar, koma gida ka tambaya mutum nawa ke sa hannu a tukunyar gidan a kan wannan naira 7 ɗin.

Ta biyu daga Chikaji, wani bawan Allah ya ce kakansa a gidan taba ya yi aiki, yaushe aka buɗe shi? 1959, ko Malam?

MALAM: 1959, haka ne.

MAI GABATARWA: Ta uku daga Gyallesu. Wai sun yi gardama da abokinsa Bakano a kan inda jirgin ƙasa ya fara isa, Zariya ko Kano. Baba, wannan taka ce.

BABA: Ai ba abin gardama. Daga Baro layin ya taso, bakin kogin Kwara, ya biyo Minna, ya biyo Kaduna. In bai ratsa Zariya ba ta ina zai kai Kano? A 1911 ya isa Kano, mu ya fara gaisarwa.

MAI GABATARWA: Ka ji, ɗan Gyallesu, ka ci gardama. Amma ka bi abokin naka a hankali, baƙonka ne.

Yanzu ga wadda nake so kowa ya ajiye abin da yake yi ya saurara, domin ba mutum ɗaya ya aiko da irinta ba. An aiko daga Ikara, an aiko daga Maƙarfi, an aiko daga Giwa da Kauru. Na zaɓi ta wata baiwar Allah daga Tudun Wada, ta ce a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuta:

"Kakana na wajen uba manomi ne a ƙasar Soba. Babanmu ya ce wata shekara, ana cikin yaƙin Hitila, dagaci ya aiko aka tafi da shi aikin kuza a Jos, ba da son ransa ba, dawarsa tana gona ba a girbe ba. Bayan watanni ya dawo da tari, tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Abin da kawai yake faɗa shi ne sanyi, da kwanon da ya cinye masa gashin tsakar ka. In an matsa masa da tambaya sai ya ɗauki buta ya fita. Na ba 'ya'yana labarin, babban ya ce tatsuniya ce, tunda babu ita a littafin makarantarsu. Don Allah da gaske an yi wannan abu, ko tsofaffi ne suka ƙara gishiri?"

Malam, da gaske an yi?

MALAM: To Hajiya, kafin a fahimci wannan sai an san yadda Zariya ta haɗu da Jos. Mutane da yawa ba su san cewa akwai wani layin dogo da ya tashi daga nan Zariya ya nufi tsaunukan Jos ba. Ƙaramin layi ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layin ƙafa 3 da inci 6 ne. Turawa suna kiransa da sunan Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Ya bi ta Soba, ya bi ta Dutsen Wai, ya kai Rahama a 1912, ya hau ta Jengre, ya ƙare a Bukuru a 1914. Don kuza aka gina shi. Kafin nan a ka ake ɗauko ta, ko a jaki. Daga baya, a 1927, babban layi ya shiga Jos ta Kafanchan, sai kasuwar ƙaramin ta fara ja da baya, har aka rufe shi a 1957. In kin bi hanyar nan ta Soba, akwai wuraren da har yanzu tsofaffi za su nuna miki inda dogon ya bi. Akwai ma na Ƙaura Namoda, wanda shi kuma...

MAI GABATARWA: Allah ya gafarta Malam, jirgin naka ya kai Bukuru, yanzu kuma zai juya Ƙaura Namoda, ita kuwa baiwar Allah tana tsaye a Tudun Wada tana jira. An yi, ko ba a yi ba?

MALAM: An yi. Wallahi an yi, kuma a rubuce yake. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wato ƙasar Malesiya ta yanzu, daga hannun Ingila. Can ne Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, ga yaƙi ana yi, ana buƙatarta wajen gwangwanin abincin soja da kayan injuna. Sai idonsu ya dawo kan Jos. Leburorin da ke zuwa da ƙafarsu ba su isa ba, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin dole. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar mutane, abin da talakawa suka riƙa kira ɗiban gwamna. Mutum wajen 100,000 aka ɗiba daga lardunan Arewa a wannan tsakani, lardin Zazzau yana ciki. Kowane rukuni yakan yi kamar wata 4, a sallame shi, a kawo wani.

Yadda abin ke tafiya kuwa, umurni daga Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, yake saukowa, ya biyo ta En'e, wato hukumar sarki, a yanka wa kowane hakimi yawan mutanen da zai kawo, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwa. In an isa can a ba ka diga da shebur, ko a ɗora maka kwanon sarki, ka cika shi da ƙasa jiƙaƙƙiya daga ƙasan rami ka hau da shi, ka juye, ka koma. Tun safe ke nan, heluma, wato shugaban leburori, yana tsaye. Gashin tsakar ka da ta ce ya cinye, wannan kwanon ne. Ga sanyin Jos, mutum ya taso daga Soba da 'yar taguwa. Bukkokin da aka tanada ba su isa ba, hatsi ya yi ƙaranci, tunda an tara jama'a fiye da abin da ƙasar za ta iya ciyarwa. Ciwon haƙarƙari ya kama mutane, wasu suka mutu can, da yawa suka gudu cikin dare. Surutu ya yi yawa har a majalisar Ingila, aka dakatar da abin a 1944.

MAI GABATARWA: Bari in maimaita, saboda masu jinmu a kasuwa da masu jinmu a kan babur. An yi. Daga 1942 zuwa 1944. Mutum wajen 100,000. Ba da son ransu ba. 'Yar'uwa ta Tudun Wada, ki kira ɗan nan naki ki ce masa 1942 zuwa 1944, ya rubuta a bayan littafin da ya ce babu a ciki. Kai kuma yaro, in kana jina, kakan babarka ba mai tatsuniya ba ne. Ka je ka ba ta haƙuri.

Baba, na ga kana girgiza kai tun ɗazu.

BABA: Ai 'yata abin ne ya taso mini. Mahaifina fayaman ne, mai zuba wa injin kwal, kuma ya yi aiki a ƙaramin layin nan da Malam ya faɗa. Kin san aikin fayaman? Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi. Kana tsaye a gaban wuta da shebur, gabanka yana ƙuna, bayanka iska tana dukansa. In jirgi zai hau tudun Jengre ba ka isa ka miƙe ba, in wuta ta yi sanyi jirgi ya tsaya, kai za a tambaya. In ya dawo gida, babarmu sai ta canza masa ruwan wanka kafin a ga kalar fatarsa. Hannunsa kuwa, yakan ɗauki garwashi ya kunna fitila, ko a jikinsa. Mu muna yara muna ganin abin burgewa ne, ashe fatar ce ta mutu.

MAI GABATARWA: Allah ya jiƙansa. Su mutanen kuzar fa, ya gan su?

BABA: Ya gan su. Ya ce a tasha za ka gane su, kowa da 'yar tabarma a naɗe da ƙunshin ƙanzo ko gari, ba mai magana da wani. Masu dawowa kuma ya ce ba sai an gaya maka ba, daga tarin za ka sani. Sau ɗaya ya ba ni labarin nan, ina saurayi, ran da na ce masa aikin layi ya ishe ni zan bari. Ya ce kai da ƙafarka ka je, kuma ƙarshen wata a biya ka, ka koma ɗakinka. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake cewa zan bari ba.

MAI GABATARWA: To ga abin da ya fi tsaya mini a wasiƙar nan, Malam. Ta ce in an tambaye shi sai ya ɗauki buta ya fita. Na Ikara ma haka ya rubuto, na Giwa ya ce kakansa cewa yake "abin da ya wuce ya wuce". Me ya sa suka yi shiru?

MALAM: Akwai takardu a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, rahotannin Di'o-Di'o, wato Turawan mulki da ke ƙarƙashin Razdan, da na Razdan, akwai kuma Gidan Arewa, nan ma Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Duk mai so zai iya zuwa ya nema. Sai dai abin da zai tarar lissafi ne, gunduma kaza ta kawo mutum kaza, kaza sun gudu. Da wuya ya ga sunan kakansa.

MAI GABATARWA: Wannan amsar wata tambaya ce Malam, kuma mun gode, domin akwai waɗanda suka yi ta. Amma shirun fa?

MALAM: To, wahala ba ta da daɗin faɗa. Kuma namijin wancan zamani ba ya zama gaban 'ya'yansa ya ce an kore ni da sanda.

MAI GABATARWA: Haka ne. Ni kuma bari in faɗi nawa ra'ayin, wanda ya ga ba daidai ba ya rubuto. Baturen da ya sa hannu a takarda yana Kaduna ko Legas, ba wanda ya san fuskarsa. Amma wanda ya nuna ƙofar gidanku ya ce a nan za a ɗauki mutum ɗaya, ɗan garinku ne. Tare kuke sallah. Kuma kowa ya san ba gidan mai hali aka fara shiga ba.

MALAM: Wannan gaskiya ne. Mai abin hannu yakan san yadda ya yi a tsallake shi. Wanda ba shi da mai tsaya masa, shi ake turawa.

MAI GABATARWA: To ka dawo da tarinka, ka tarar tsuntsu ya ci rabin dawarka, haraji kuma yana nan yana jiranka. Wanda ya tura ka yana nan, gobe ma ɗanka zai nemi auren jikarsa. In ka buɗe baki, gari ya rabu biyu. Sai ka ɗauki buta. Ni a ganina ba mantuwa ba ce, ba kuma tsoro kaɗai ba ne, zaman lafiyar 'ya'yansu suka saya da shirun nan. Saboda haka 'yar'uwa, da ku na Ikara da Maƙarfi da Giwa da Kauru, ku nemi labarin, ku rubuta shi, amma ba don a je a tsaya ƙofar gidan jikokin dagaci ana nuna yatsa ba. Shi ma dagacin an yanka masa adadi ne, in bai cika ba rawaninsa ne a bakin ƙofa.

Kuma ku nemi gwaggo. Na faɗa, zan sake faɗa, ku nemi gwaggo. Abin da tsoho ya ƙi gaya wa ɗansa namiji, matarsa ta sani, tunda ita ta dafa masa ruwan zafi, ita kuma ta gaya wa 'yarta suna tsinkar zogale. In akwai wata gwaggo ko iya da ta rage a gidanku, kada ku ce sai Sallah. Wayar da kuke kallon wasa da ita tana ɗaukar murya.

Malam, a taƙaice, tsohuwa ba za ta ce maka 1943 ba. Yaya za a gane shekara?

MALAM: A tambaye ta zamanin wane sarki. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi daga 1903 zuwa 1920, a zamaninsa jirgi ya zo. Ja'afaru daga 1937 zuwa 1959, ɗiban gwamna a nasa ya faɗo. Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, sai Shehu Idris. Ko a tambaye ta kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa, wato 1956. Ko kafin a koma tuƙin dama, 1972. In ta ce ta ji iyayenta suna zancen yunwar Kakalaba, wannan 1913 zuwa 1914 ke nan.

MAI GABATARWA: Madalla. Lokaci yana gudu. Ga wata daga wani saurayi a Muchiya, kuma kai, zan yi maka faɗa. Ya ce zai je neman aure a cikin birni, an ce za a binciki asali. Kakansa ɗan dako ne a tashar Sabon Gari, buhun gyaɗa da dilar auduga yake ɗauka daga kantunan wajen PZ zuwa tarago. Wai ko laifi ne in ya ce ma'aikacin kamfani ne?

Laifi ne mana! Ƙarya ce, ɗaya ke nan. Na biyu, Zariya ce fa. Kafin ka gama rufe baki an sami tsohon da ya san gammon kakan naka. Na uku kuma, wanda ya fi ba ni haushi, mutumin nan wuyansa ya sa ya ɗauki buhu don babanka ya zauna a aji. Ba sata ya yi ba, ba roƙo ya yi ba. Yau kai ka sa shadda ka ce kana jin kunyarsa?

BABA: 'Yata bar ni da shi. Yaro, ni na san 'yan dakon tashar nan. In suna lodi waƙa suke yi, mutum ya sunkuya a ɗora masa buhu, ya hau katako da gudu ya shiga tarago. Ba rago ke yin wannan ba. In surukan naka mutanen kirki ne, da ka ce jikan ɗan dako ne kai, cewa za su yi to 'yarmu ba za ta kwana da yunwa ba.

MALAM: Kuma in an duba, masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, masana gini daga ƙasashe suna zuwa kallon bakan gizonsa. Sunan gwanin mun sani. Waɗanda suka kwaɓa ƙasar, suka mulmula tubali, suka miƙa masa sama, ko ɗaya ba mu sani ba. Jikokinsu suna cikin garin nan, wataƙila har a gidan da yaron zai je neman auren.

MAI GABATARWA: Ka ji dai. Ka je ka faɗi gaskiya, in an sa rana ka aiko mana da goro.

Saura minti kaɗan, kuma ba zan rufe ba sai na karanta wannan. Duk tarin wasiƙun nan, kakana namiji, kakana namiji. Mutum ɗaya tak, wata malamar makaranta daga Kwarbai, ita ce ta rubuto a kan kakarta mace. Jama'a, ku ba mata suka haife ku ba? Ta ce kakarta mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, da kaɗi da dakau ta riƙe su. Da asuba tana surfen mutane, da rana ta gurje auduga ta shiɓe ta, da dare ta zauna gaban fitilar aci-bal-bal da mazari da alli har ido ya gaza. Ran kasuwa a kai zaren wa masaƙa. Tana tambaya, wai wannan ma ana lissafa shi cikin tarihi?

MALAM: Ƙwarai kuwa. Duk rigar saƙi da aka rina a marinar garin nan, aka buga a mabuga, aka yi mata aska a wuya, daga mazarin mace ta faro. In babu zare babu masaƙi, babu marini, babu maɗinki. Abin da ya karya sana'ar shi ne yadin kanti, sannan masaƙun zamani, tun daga na Kaduna da aka buɗe a 1957. Kuma ko a filin kuzar da muka yi magana, mata sun ɗauki kwano.

MAI GABATARWA: Malama, ana lissafawa. In mazarin nan yana nan a ƙasan adaka, kada ki bari a zubar da shi ran share ɗaki. Ki rubuta sunanta da na unguwarsu a takarda ki ɗaura a jiki.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Wanda ya rubuto daga Basawa a kan kakansa sojan Boma, da ke da kika aiko daga Hanwa a kan majemi, ba mu manta da ku ba, da ku za mu buɗe mako mai zuwa. Na Basawa, ka duba ko littafin sallamarsa na soja yana nan, ka aiko mana da shekarar da ke jiki, Malam zai duba. Allah ya gafarta Malam, mun gode. Baba, mun gode, a gaida mutanen gida.

BABA: Za su ji. Allah ya yi miki albarka.

MAI GABATARWA: Amin Baba. Jama'a, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.